Idan Annoba ta Rufe Jami'a: Yadda Ɗalibi Zai Bi da Damuwar da ke Fitowa ta Jiki

Ranar 23 ga Maris 2020 aka rufe jami'o'in Najeriya saboda korona, a ranar kuma ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta shiga yajin aikin sai baba ta gani. Ɗalibai da yawa 'yar jaka kawai suka ɗauka, suka bar katifa da risho da takardu a hostal, don an ce hutun na wata guda ne. Ba a janye yajin aikin ba sai 23 ga Disamba, kuma sai a Janairun 2021 aka fara komawa aji. Wata goma ke nan. A tsakani an yi dokar kulle, an yi azumi babu tarawihi a masallatai da dama, kuma a Kano cikin watan Afrilu an yi ta binne dattawa da manyan malamai, har da furofesoshi, kullum sai an wayi gari da sanarwar rasuwa a waya.

Abin da na lura da shi a lokacin, matashin da wannan zama ya dama da wuya ka ji ya ce "ina cikin damuwa". Cewa zai yi kansa na zafi kamar an ɗora garwashi, ko gabansa na faɗuwa ba dalili, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko ulsa ta tashi. Sai a tafi kemis, a sayo maganin maleriya da na taifod, a sha, a sake sha, abin yana nan. Wannan jagora domin irin wannan ɗalibi ce, namiji ko mace, da kuma yayyensa da iyayensa. Korona ta lafa, amma rufe makaranta na watanni bai zama tarihi a wurinmu ba: a 2022 ma yajin aiki ya ci wata takwas.

Fara da fahimtar abin da ke faruwa a jikinka

Ciwon da kake ji na gaske ne, ba raki ba ne. Idan mutum ya tsorata, jiki yakan saki sinadaran adiranalin da kotizol domin shirin gudu ko faɗa. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama-sama, tsokar wuya da kafaɗu ta ɗaure, hanji ya rage aiki. Wanda kare ya biyo, minti biyar abin ya wuce. Shi kuwa wanda ke kwana yana tashi da tunanin yaushe za a koma, ko zai gama digiri kafin shekarunsa su wuce talatin ya rasa bautar ƙasa, ko tarin da Baba ke yi korona ce, jikinsa na nan a ɗaure mako da makonni. Daga nan ciwon ƙeya yake fitowa, da ƙwarnafi, da kumburin ciki, da kasalar da barci ba ya gusarwa.

Abin ba sabo ba ne a tsakanin 'yan makaranta. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada da ya yi aiki a Abeokuta, Raymond Prince, ya rubuta labarin ɗaliban Najeriya masu kukan zafi a ka, da jin kamar wani abu na yawo a ƙarƙashin fata, da duhun gani, da kasa riƙe abin da suka karanta. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Maris 2022 cewa a shekarar farko ta korona, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, matasa da mata na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Saboda haka ba kai kaɗai ba ne, ba kuma rashin imani ba ne. Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ne ya sa idanunsa suka yi fari.

Mataki na 1: Ka rubuta, kwana bakwai

Nemi tsohon littafin lakca mai sauran shafuka. Kullum da dare ka rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ka kwanta jiya kuma yaushe ka tashi, me ka ci ka sha, wane ciwo ka ji da lokacin da ya zo, sannan me kake yi ko kake tunani daf da zuwansa. Kada ka yi dogon sharhi, layi biyar ya isa.

Bayan mako guda za ka ga abin da baki ba zai gaya maka ba. Wani zai tarar faɗuwar gaban takan zo ne bayan ya duba zauren WhatsApp na ajinsu. Wata za ta ga ciwon kan nata na ranakun da ta kai ƙarfe uku tana kallon waya ne. Littafin nan kuma shi za ka riƙa wa likita, maimakon ka zauna gabansa ka ce "jikina ne kawai ba daɗi".

Mataki na 2: Ka je asibiti sau ɗaya, zuwa mai kyau

A nan nake saɓa wa masu cewa komai tunani ne. Lokacin annoba cututtukan da muka saba da su ba su tafi hutu ba. Ƙarancin jini na kawo bugun zuciya da jiri, musamman ga 'yan mata masu yawan zubar jinin al'ada. Maƙoƙo mai yawan aiki na kawo rawar hannu da gumi da rama, ka rantse fargaba ce. Wanda ya yi korona kuma kan iya shafe watanni da gajiya da sarƙewar numfashi bayan zazzaɓin ya tafi.

Don haka ka je a auna hawan jini, a duba yawan jini, a yi gwajin maleriya kafin a ba ka maganinta. Idan aka ce taifod ce bisa gwajin Widal kaɗai, alhali ba ka da zazzaɓi, ka tambayi likita ko ya gamsu, domin wannan gwaji ya sha nuna cuta a jikin mai lafiya. Idan makarantarku na cikin shirin inshorar lafiyar ɗalibai na TISHIP, tambayi asibitin makaranta ko katinka na aiki lokacin hutu.

Akwai alamun da ba a jira da su: zazzaɓi tare da wahalar numfashi, ciwon ƙirji mai ƙaruwa idan ka yi tafiya ko ka hau bene, suma, tarin da ya wuce mako biyu ko mai jini, rama ba dalili, baƙin bayan gida kamar kwalta, ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya. Mai sikila kuwa duk ciwon ƙirji ko ƙashi ya ɗauke shi da gaske. Waɗannan asibiti ne a ranar, ko da dokar kulle, domin ba a hana mara lafiya fita.

Idan an duba an ce lafiyarka ƙalau, ka tsaya nan. Yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan kuɗi yake ci, kuma yana ƙara wa zuciya zargin cewa akwai abin da aka kasa ganowa.

Mataki na 3: Abin yi a lokacin da abin ya taso

Wani lokaci fargaba kan zo gaba ɗaya kamar saukar aradu. Zuciya na dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isa, yatsu da leɓe su yi tsam kamar ana tsira allura, mutum ya tabbata mutuwa ce ta zo. A zamanin da kowa ke maganar cutar da ke toshe huhu, wannan ya fi komai firgitarwa. Sirrin shi ne, ba iska ce ta yi maka kaɗan ba, yawa ta yi. Saurin numfashi na fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke kawo tsam ɗin da jirin.

Ka zauna, ka jingina bayanka. Ɗora tafin hannu a kan cikinka. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka bari cikin ne zai taso, ba ƙirji ba. Fitar ta baki a hankali kana ƙirga shida ko bakwai, kamar mai hura koko. Fitarwar ita ce maganin, ita ke rage gudun zuciya. Ka yi haka minti uku zuwa biyar. Idan ƙirga na ruɗa ka, yi da tasbihi a zuci, kowace fitar numfashi da nata. Wanke fuska da ruwan randa ma na taimakawa. Yawanci abin yakan kai ƙololuwa cikin minti goma sannan ya fara sauka da kansa, ko ka yi wani abu ko ba ka yi ba. Sanin haka kaɗai ya rage masa rabin ƙarfi.

Ka riƙa gwada numfashin nan safe da yamma lokacin da kake lafiya. Ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.

Mataki na 4: Ka maido wa yini ƙashin bayansa

Abin da jami'a ke ba ɗalibi ba karatu kaɗai ba ne. Tana ba shi dalilin tashi: lakcar ƙarfe takwas, layin ruwa, tafiyar ƙafa daga hostal zuwa tsangaya, hira a wurin mai shayi. Da aka rufe, duk wannan ya rushe lokaci guda, sai dare ya koma rana. A ganina wannan mataki ya fi sauran nauyi, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ka kafa lokacin tashi guda ɗaya, kada ka canza shi ko daren ya yi muni. Lokacin tashi ne ke gyara lokacin kwanciya, ba akasin haka ba. Mu da muke da sallar Asuba mun samu turke a sauƙaƙe. Matsalar ita ce komawa barci har Azahar. Idan dole ka koma, kada ya wuce ƙarfe takwas. Da ka tashi ka fita tsakar gida ko ƙofar gida hasken safiya ya taɓa idonka na minti goma sha biyar ko ashirin, domin da hasken ne ƙwaƙwalwa ke saita agogonta. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma kada ta kai bayan La'asar. Matashi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9.

Shayi mai kauri, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafin, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kamar awa biyar. Wanda ya sha ataya zagaye uku bayan Isha'i ya zo yana kukan rashin barci da bugun zuciya, to ya san inda zai fara gyara. Daga Azahar a rufe wannan babi.

Idan ka kwanta ka kai kamar minti ashirin ido biyu, kada ka yi ta juyi kana lissafin awannin da suka rage. Tashi ka zauna a tabarma cikin haske kaɗan, ka karanta wani abu a takarda ko ka saurari karatu, sai barci ya fara fizgarka ka koma. Na san a gidaje da yawa ɗaki ɗaya ne da ƙanne huɗu, ga zafi ga sauro ga rashin wuta. Yi abin da ya samu. Ko cire waya daga ƙarƙashin matashi ka yi, ka ci riba.

Sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Ba sai da filin ƙwallo ba. Tsallen igiya a tsakar gida, jan ruwa a rijiya, daka, share gida da sauri har gumi ya fito, duk sun shiga. Ciwon wuya da baya da ɗalibai suka yi ta kuka da shi, galibinsa na kwanciya ne da waya a sama da fuska.

Abinci kuma a ci a kan lokaci, ko ba marmari. Mai tsallake karin kumallo ya sha shayi a cikin wofi, ya haɗa da maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac, shi ke kiran gyambon ciki da hannunsa.

Mataki na 5: Ka sa wa waya linzami

Labarin annoba sau ɗaya a yini ya isa, da rana, daga majiya guda da ka yarda da ita, kamar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ko rediyo. A 2020 mun ga yadda saƙon murya ke yawo: yau a ce ruwan zafi da lemon tsami na kashe cutar, gobe a ce babu ita sam, jibi a ce an sasanta da ASUU za a koma Litinin. Kowace jita-jitar komawa takan ɗaga zuciya ta kuma yar da ita. Kashe ƙarar zauren ajinku, ka duba shi sau ɗaya. Ranar da za a buɗe da gaske, ba za ka rasa ji ba.

Amma kada ka yanke zumunci. Zaɓi mutum biyu da za ka riƙa kira da murya, ba rubutu ba, ko sau biyu a mako.

Mataki na 6: Zaman gida da karatu

Ɗalibin da ya saba da 'yancinsa ya dawo an mayar da shi ɗan aike. Ɗaliba kuwa girki da wanke-wanke da rainon ƙanne sun koma kanta, ga gwaggo na cewa tunda bokon ya tsaya ai sai a yi maganar aure. Namiji na jin habaicin zaman kashe wando. Ga kasuwa a rufe, Baba na cikin nasa ƙuncin. Faɗa ba zai gyara wannan ba. Nemi lokacin da Umma ta natsu ka ce mata: "Umma, don Allah ina so a bar mini daga tara zuwa sha ɗaya in riƙa duba littafi, sauran aikin duk zan yi." Iyaye sukan girmama abin da aka ƙayyade wa lokaci fiye da "ina karatu" da ba a ga farkonsa ba balle ƙarshe.

Karatun ma kada ka ɗauko da zafi. Wanda damuwa ta kama hankalinsa ba ya zama, sai ya karanta shafi sau uku bai san me ya gani ba, ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Ba ta lalace ba. Fara da minti 25 a kwas guda, wanda ka fi tsoron kariyoba a cikinsa, ka huta minti biyar, ka sake. Zagaye biyu a yini ya fi alƙawarin awa shida da ba za a cika ba. In akwai sana'a a gida ko unguwa, ɗinki ne, gyaran waya ne, gona ce, ka shiga. Hannu idan yana aiki, zuciya na samun sarari.

Mataki na 7: Abin da ba za ka sha ba

Wannan gajere ne. Kada ka nemi barci ko natsuwa a wurin diazepam, tramadol, maganin tari mai kodin ko wiwi. Daren farko za su yi maka aiki, shi ya sa suke da haɗari. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, fargabar ta dawo ninki, ga sabuwar matsala. Tramadol na iya jawo farfaɗiya. Tun Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma sanin kowa ne bai ɓace daga unguwanni ba. Ko paracetamol, idan ana shan sa kusan kullum saboda ciwon kai, yakan koma shi ke riƙe ciwon.

Mataki na 8: Lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa

Ka yi wa kanka tambaya biyu. A mako biyun da suka wuce, kusan kullum, zuciyarka a ƙuntace take ko ka yanke ƙauna? Abubuwan da kake jin daɗinsu a da, hira, ƙwallo, kwalliya, sun fita daga ranka? Idan amsar ɗaya e ce, ga kuma rashin barci ko yawansa, canjin cin abinci, jin kai ba ka da amfani, to abin ya wuce gyaran jadawali. Haka idan ka bi matakan nan wata guda babu sauƙi.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen. Na san sunayen nan kaɗai kan sa wasu su ja baya, don mun taso muna tsokanar juna da su. Amma yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su koma gida a ranar. Idan nauyin ya yi yawa, fara da likitan babban asibiti mafi kusa, ka miƙa masa littafin nan naka. Magani na iya zama zaman tattaunawa da masani, ko ƙwaya, ko duka biyu. Ƙwayar ciwon damuwa takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinta, kuma ba a yanke ta rana ɗaya don an ji sauƙi, sai da shawarar likita.

A gida wataƙila a ce sammu ne ko iska, a nemo rubutu da ruƙya. Ba sai ka yi jayayya ba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, kuma hadisi ya tabbatar Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, ɗauri da mari, ko hayaƙin da ke shaƙe mara lafiya, ko a ce a ajiye maganin likita.

Idan kuwa tunanin ya kai ga gara mutuwa, ko ka fara tunanin hanyar da za ka cutar da kanka, ka gaya wa mutum guda yau, kafin dare: Umma, Yaya, aboki, limami, ko malamin da ka amince da shi. Kada ka kwana kai kaɗai. A tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira 112.

Ga wanda aka gaya wa: kada ka fara da wa'azin wuta, ya riga ya sani, kuma tsoron wannan wa'azin ne ya sa ya daɗe yana ɓoyewa. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin, sauƙi take kawo masa. Ka kwashe fiya-fiya, maganin ƙwari na gona, shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, domin irin wannan yunƙuri sau da yawa na 'yan mintuna ne, idan abin ba ya kusa sai ya wuce. Kada ka yi alƙawarin rufe sirrin. Ka raka shi asibiti da ƙafarka.

Ranar da aka ce a dawo

Kada ka zaci buɗe makaranta zai share komai. A 2021 an matse zangon karatu, wasu sun dawo suka tarar da jarabawa na jiransu cikin 'yan makonni, ɓera ya cinye takardu, kuɗin haya ya ƙare a ɗakin da ba a kwana ba. Mako guda kafin tafiya ka matso da lokacin tashinka zuwa na lakcar safe. Idan kana kan magani, ɗauki na wata guda da takardar likitanka, ka kai ta asibitin makaranta a makon farko tun kafin layi ya yi tsawo. Ka nemo ofishin ba da shawara na sashen harkokin ɗalibai ka san ƙofarsa. Idan ciwon ya hana ka shirin jarabawa, ka sanar da malamin da ke kula da ajinku a rubuce, da takardar asibiti, kafin ranar jarabawar, domin bayan an liƙa sakamako ba kasafai ake sauraron uzuri ba. Abokin ɗakinka kuma, in ka ga ya dawo ya yi shiru fiye da yadda ka san shi, ja shi ku tafi wurin mai shayi, ka bar shi ya fara magana.